Yadda Na Tsare Baƙuwar Gaya a Kan Tabarma

Bari in faɗi gaskiya tun daga farko, kada wani ya riga ni: a cikin wannan labari ni ne wawan. Akwai wani tsoho can Gaya ta ƙasar Nijar da ya taya ni, amma shi sawuna ya bi, ni na buɗe fagen. Matasan kuwa, namu da nasu, ban ga inda suka kauce ba, ko da yake na duba da kyau, don na so in samu.

Ni mutumin bakin tafki ne, a wata tunga ta masunta cikin ƙasar Ngaski, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Wara in babur ɗin yana da lafiya. Na yi boko har aji huɗu a Yelwa, kafin a datse kogi ruwa ya cinye tsohon garinmu a taso mu nan tudu. Aji huɗu na wancan zamani ba abin wasa ba ne. Da shi na yi shekara da shekaru ina karanta wa mutane wasiƙa, inda na gane in faɗa, inda ban gane ba in ce gaisuwa ce. Har yau Malam ake ce mini, ban kuwa taɓa hana kowa ba.

Masuntanmu ba mazauna ba ne. Da ruwa ya juya, rabin tunga sai ta naɗe taru da tukwane da yara a hau jirage, wasu su yi sama har su wuce iyaka, su yi wata huɗu ko biyar a wajen Gaya ko Malanbil ta ƙasar Benin. Mutanen can ma haka suke gangarowa wajenmu. Manya ba su rasa komai da wannan yawo. Ɗan makaranta ne ke shan wuya. Ya yi wata shida a aji biyu a nan, ya je can a ce ba a san shi ba, a mai da shi ajin farko da Faransanci. Ya dawo nan malamin da ya san shi an yi masa canji, sabon ya ce ina takardarsa. Na san yaran da suka yi aji ɗaya sau uku a ƙasa biyu, har gemu ya kusa fito musu suka haƙura.

Mu tsofaffi mun daɗe muna ganin wannan, muna cewa haka Allah ya yi masunci. Ƙungiyar matasan yankinmu ce ta ƙi yarda. Ba su da ofis, gindin wani mangwaro ne a Wara, kuma ba sa taro ranar Juma'a da rana ko Lahadi da safe, don kowa cikinsu ya samu ya je ibadarsa. Ta waya suka gano cewa akwai irinsu a Gaya, akwai kuma a Malanbil, duk ciwon kansu ɗaya. Na taɓa zama kusa da su suna taron nan na waya. Wannan ya yi Hausa, wancan ya yi Zabarmanci, wata ta jefo Faransanci, wani ya juya wa sauran, ana dariya ana gardama, amma ba a tashi sai an yanke magana. Na halarci taron dattawa da harshe ɗaya tak wanda bai kai ga haka ba.

Abin da suka fito da shi wani ɗan littafi ne mai koren bango, a cikin leda saboda ruwa. Ba a rubuta maki a ciki. Abin da yaro ya iya ake rubutawa: ya san baƙaƙe, yana haɗa kalma, yana karanta layi guda, yana ɗebewa, yana rabawa. Kowane layi da harsuna huɗu a jere, malami ya sa alama ya sa hannu. Duk makarantar da yaro ya sauka, a duba littafin a ajiye shi ajin da ya dace da shi. Matasan Benin suka tsara shi, na Nijar suka buga, namu suka bi hedimastoci ɗaya bayan ɗaya har suka gaji suka amince.

Saura aiki mai wuya. Sai an bi tunga tunga, gungu gungu, wato tsibiran cikin ruwa, an zauna da kowane yaro an gwada shi an cika masa littafi kafin iyayensa su tashi. Suka ce don kowane ɓangare ya yarda da sa hannun ɗan'uwansa, a yi musaya: mutum ɗaya daga nan ya je can ya yi wata uku, ɗaya daga can ya zo nan. A nan jikata suka zaɓa. Ta gama sakandare, ta yi shekara biyu tana koyar da yaran tunga a zaurena ba da ko sisi ba, kuma babu abin da take so a duniya kamar a kira ta malama da gaske. Ubanta yana kudu wajen aiki, ni ya bar wa riƙonta.

Shugaban matasan ya zo neman izini, wani dogo mai sanyin magana da ke gyaran injin jirgi. Na bar shi ya tsuguna har ƙafarsa ta yi tsami, sannan na ce na yarda da sharaɗi ɗaya: wadda za ta zo daga can, a gidana za ta sauka, jikata kuma a gidan uban baƙuwar. Ya yi ta godiya, yana cewa samun dattijo mai karamci irina sai an tona. Bai san lissafina ba. Ni jingina na gani. Ɗiyar mutum tana hannuna, tawa tana hannunsa, kowa zai yi hankali.

Ranar da jikata za ta tafi ta ce mini, “Tsoho, ka riƙe musu yarinya da kyau, kada ka cika ta da labarin aji huɗu.”

Na ce, “Amarya, ke dai kada ki samu wani saurayi can ki manta da mijinki.”

Ta ce, “In na samu mai haƙora ai ka san ba ni dawowa.”

Bayan kwana biyu baƙuwar ta iso. Siririya ce, ba ta da yawan magana, Hausarta da ɗan nauyin Zabarmanci, makaranta kuma lakwal take ce mata. Kayanta jaka ɗaya ta tufafi, jaka ɗaya ta littattafan nan, da rigar ruwa ja, irin wadda ke hana mutum nutsewa. Ta durƙusa ta ce mini Baba, ta ce wa tsohuwata, wato matata, Inna. Tsohuwa ta dube ta ta ce wannan ai sai an ciyar.

Washegari baƙuwa ta ce tana son ta fara da gungun da ya fi nisa. Na ce a ƙasarmu baƙo ba ya taɓa aiki sai ya kwana uku. Da ukun suka cika na ce na baƙon da ya ƙetaro iyaka bakwai ne. Ban san inda na samo wannan doka ba, amma da na faɗe ta sai na ji ta yi kama da ta gado. Bayan bakwai na ce akwai iska. Da iska ta kwanta na ce kwanciyar ba ta gaskiya ba ce. Na kuma zaga bakin ruwa na gaya wa masu jirage cewa duk wanda ya ɗauki baƙuwata, shi da ni. Suna jin maganata, don ni na karanta wasiƙun iyayensu, na san abin da ke ciki.

Kada a ce mugunta ce zalla. Tafkin nan ba kogin da na sani ina yaro ba ne. Ƙarƙashinsa akwai kututturan itatuwan da ruwa ya binne da ransu, suna nan tsaye kamar masu jiran jirgi. Iskar la'asar tana tasowa ba sallama. Na sha tsayawa a kan yashi ana jera mutane ana rufe su da zane. In ɗiyar mutane ta shiga ruwan nan ba ta fito ba, da wane baki zan gaya wa ubanta, alhali tawa tana cikin gidansa? Tsoron gaskiya ne. Abin da na gina a kansa ne wauta.

Don uban ya san ɗiyarsa tana hannu nagari, na sa aka soya giwan ruwa, aka tuƙa tuwon shinkafa, aka zaunar da ita a sabuwar tabarma da tire a gabanta, aka ɗauki hoto aka aika masa. Kafin azahar amsa ta zo: jikata a kan darduma, gabanta zabi biyu gasassu. Na ce to. Na ƙara da kifin nan ragon ruwa da kwanon fura. Ya aiko da hoton ƙafar rago. Na sa aka saka wa baƙuwa matashin kai biyu. Shi ya sa uku, da fanka a gefe. Tsohuwata ta ce in aka ci gaba da haka ita za ta koma gidan ƙanenta, don hannunta ya gaji da ɓare albasa.

Ita baƙuwar ba ta taɓa yi mini musu ba, abin da ya fi damuna ke nan. Kullum da hantsi sai ta sa rigar ruwanta, ta ɗaure igiyoyin tsaf, ta rataya jakar littattafai, ta zo ta zauna a tabarmar tsakar gida, inda ko kaza ba ta iya nutsewa. Ta gaishe ni ta ce, “Baba, yau fa?”

In ce, “Yau akwai iska, ɗiyata.”

Ta ce, “To Baba. Allah ya kai mu gobe.”

Sai ta tuɓe rigar ta ninke. Amma ba ta zauna banza ba. Ta cika littattafan yaran tungarmu duka. Ta riƙa zuwa wajen mata masu bandar kifi, tana taya su juya kifi a hayaƙi tana tambaya: gidan wane yana wane gungu, yara nawa, yaushe za su tashi. Cikin mako biyu ta zana tafkin a bayan wani kwali, da gungayen da ni kaina na manta da su. Shugaban matasa ya zo sau biyu yana roƙona. Na yi masa wa'azi a kan haƙƙin baƙo har ya rasa ta inda zai shiga, ya tafi yana shafa ƙeya.

A kwana na ashirin da ɗaya, da safe, jikata ta kira wayar tsohuwa ta ce a ba ni. Ba ta ce mini tsoho ba, ba ta ce angona ba. Kaka ta ce, daga nan na san akwai magana.

“Kaka, tun da na zo ban ga yaro ɗaya na masunta ba.”

Na ce, “Ba su ciyar da ke?”

“Suna ciyar da ni har zane ya daina zagaye ni. Mai gidan ya ce abin da aka yi wa ɗiyarsa shi zai yi wa taka, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Ya ce tun da ka hana tasa shiga ruwa, shi ba ƙaramin mutum ba ne da zai jefa taka.”

Na ce ai mutumin kirki ne.

Ta ce, “Kwana goma suka rage masunta su tashi. Littafi saba'in na zo da su, suna nan cikin leda yadda na ɗauko su. In na dawo da su haka, ni ce wadda aka aika ƙasar waje ta je ta ci zabi. Ba wanda zai sake ba ni aji, Kaka, ni ma ba zan iya roƙa ba.”

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na samu abin lallashi. Na tsaya da waya a kunne ina kallon ɗiyar mutane zaune a tabarma cikin jar riga.

Na sa aka kira mini tsohon Gaya, uban baƙuwa. Mun yi gaisuwa mai tsawo, na tambayi iyali da dabbobi da ruwa, shi ma ya tambaya. Sannan na ce, “Alhaji, yaran nan aiki suka zo.”

Ya ce, “Ni ma haka na gani, Malam. Mi ya hana ka sake tawa?”

Na ce, “Kai ka fara, ruwanku ya fi namu hankali.”

Ya ce, “A'a, mai gida babba ke farawa. Ni koyi nike da kai.”

Muka rabu a kan kowa zai yi tunani. Da na ajiye waya na ga in aka bar mu biyu, sai yaran masunta sun yi jikoki ba mu gama tunani ba. Na shiga ɗaki na ɗauko tsohuwar hulata ta ruwa, na je wajen shugaban matasa na ce ya ɗaura injinsa mafi lafiya a jirgi mafi faɗi, shi ya riƙe inji, ni zan zauna a goshi in nuna hanya. Na san inda kowace tsamiya da kowane giginya na tsohon garinmu suke tsaye a ƙarƙashin ruwa, don na hau rabinsu ina yaro. Ya ce ba ya tashi sai na sa rigar ruwa. Na ce na girmi rigar. Ya ce dokar ƙungiya ce ta ƙasa uku, ba ta san shekaru ba. Na sa. Tsohuwata ta biyo mu har bakin ruwa don kawai ta gani.

Da baƙuwa ta ce, “Baba, yau fa?” na ce, “Tashi, iska ta kwanta.” Ta dubi sama, inda ganye ke kaɗawa fiye da na jiya, sannan ta ɗauki jakarta.

A gungun farko na ga abin da na tsare a tabarma kwana ashirin da ɗaya. Ba ta nemi allo ba, ba ta nemi benci ba. Ta zauna a kan jirgin da aka kife, yara suka kewaye ta. Akwai wata yarinya mai kamar shekara goma sha ɗaya da uwarta ta ce kada a wahala da ita, aji ɗaya take tun da aka yaye ƙanenta. Baƙuwa ta jawo buhun shinkafa da ke gefe ta nuna mata rubutun jikinsa, yarinyar ta karanta. Ta juya wani kwalin sabulu mai Faransanci, ta karanta shi ma. Ta zube warangi a faifai, ƙananan kifin nan da ake shanyawa, ta ce ta raba wa mutum shida daidai, ta raba har ta faɗi abin da ya saura. Baƙuwa ta yi ta sa alama layi bayan layi, sannan ta ce wa uwar, “Inna, ɗiyarki 'yar aji huɗu ce. Ki ajiye wannan inda kike ajiye abin da ba ki son ya jiƙe.” Uwar ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi gaba da baya, ta cusa cikin ƙullin zanenta. Ni kuwa na leƙa layukan da aka yi wa alama, na ga akwai biyu da in ni aka tambaya sai na ce akwai iska.

Na sa aka ɗauke mu hoto a cikin jirgi aka aika Gaya, ba tare da ko kalma ɗaya ba. Washegari da hantsi amsa ta zo: jikata a jirgin da ya fi namu tsawo, tsohon yana zaune a goshi da rawani da rigar ruwa a kan babbar riga. Daga ranar gasa ta koma ta tunga. In muka yi uku, ya aiko cewa sun yi huɗu. In muka yi biyar, ya ce nasu sun fi nisa. Matasan suka bar mu muna yi, don sun ga gasar tana tura jirgi.

Duk da haka sai da wautata ta yi ɓarna. Gungu biyu mun tarar da su wayam, sai toka da turakun shanya taru. Sun tashi kwana uku kafin mu zo, da yara fiye da goma. Na tsaya a kan yashin ina kallon tokar. Baƙuwa ba ta dube ni ba, wannan ma karamci ne. Ta fito da kwalinta, ta karanto gidajen da yawan yaransu cikin waya, ta aika sama. Matasan Malanbil suka sa ido a mashigarsu, suka ce jiragen sun wuce. Na Gaya suka tare su a inda suke sauka. Jikata ce ta zauna da yaran nan a bakin kogin wata ƙasa, yaran da ta sani tun suna goye, ta cika musu littafi ta raka su lakwal da kanta. Ta kira ni da yamma ta ce, “Tsoho, na gyara maka ɓarnarka.” Da na ji tsoho ya dawo, na san an yafe mini rabi.

Wata uku suka cika. Jikata ta dawo da jaka wayam, ba littafi ko ɗaya, ta yi baƙi ta rame, tana jefa Zabarmanci cikin magana don ta ba ni haushi. Hedimastan makarantar da ke kusa da mu ya aiko tun ba ta huta ba, ya ce yana son ta riƙe masa ajin yaran masu dawowa. Aka yi ɗan taro a ƙofar gidana don sallamar baƙuwa, matasa suka cika wurin, aka buɗe waya na Gaya da na Malanbil suna ji. Aka ce dattijon gida ya yi magana.

Na miƙe na gyara riga. Na yaba wa yaran, da gaske nake kuma, na ce sun ɗinke abin da mu muka gaji muna kallo a yage. Da na tsaya nan da an tafa an tashi lafiya. Amma na ji bakina yana daɗi, sai na ce ina da shawara ga ƙungiyoyin ƙasashen uku: baɗi a yi musayar dattawa. A kai ni Gaya wata uku in koya musu sanin ruwa da riƙon baƙo, su kuma su aiko da wani abu a madadina.

Tsohuwata tana bakin zaure tana ɗaure wa baƙuwa busasshen kifi a takarda. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, “Malam, musaya ai sai da adalci. Ko akuya suka aiko mana, mun cuce su.”